Gundumar da Ta Yi Arziki Ta Rasa Ɗakin Malaman 'Ya'yanta

A ƙidayar 1990, mutanen gundumar Loudoun da ke jihar Bajiniya a Amurka ba su kai 87,000 ba. Mafi yawan ƙasarta gonaki ne da wuraren kiwon shanu da dawaki, sai filin jirgin sama na Dulles da aka buɗe a gefenta a 1962. Da aka yi ƙidayar 2020 an samu mutum 420,959. Cikin shekara 30 jama'a ta ninka kusan sau biyar, domin ma'aikatan birnin Washinton da na kamfanonin fasaha sun yi ta kwararowa suna neman gida mai fili da makaranta mai kyau.

Kuɗi ma sun biyo su. A yankin Ashburn aka jera manyan gine-gine marasa taga, cike da kwamfutoci, inda kamfanoni irin su Amazon ke ajiye bayanan intanet na duniya. Harajin waɗannan rumbuna na kawo wa gundumar kaso mai tsoka na kuɗin shigarta. Shekaru da dama ke nan Loudoun na kan gaba a duk gundumomin Amurka wajen samun kuɗi. Abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara ya haura dala 150,000. Asibitoci na aiki, ruwa da wuta ba sa yankewa, kuma tun Nuwamban 2022 jirgin ƙasa na birni ya isa Ashburn. Duk wannan alheri ne, ban raina shi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda masu yi wa wannan arziki hidima ke kwana. Matsakaicin gida a Loudoun ya haura dala 600,000. Malamar firamare da ta fara aiki, da direban motar 'yan makaranta, da mai kashe gobara, da mai kula da tsofaffi, yawancinsu albashinsu bai isa wannan farashi ba. Da yawa sai su kama gida a maƙwabciyar jiha, Bajiniya ta Yamma, wajen Charles Town. Tun da asuba motocinsu ke bin hanya mai lamba 9, su ratsa ɗan ƙaramin garin Hillsboro a jere, fitila bayan fitila. Malamar da ta wuni da 'ya'yan wasu, sai ta isa gida bayan magariba ta tarar nata sun gaji da jira. Ba za ta haɗu da iyayen ɗalibanta a kasuwa ba, ba za ta je jana'izar kakan ɗalibinta ba, kuma ba ta da ƙuri'a a zaɓen hukumar da ke yanka mata albashi. Wannan ya fi komai ɓata mini rai: an amince mata da yaro, ba a tanadar mata wurin zama kusa da shi ba.

Tsarin unguwannin kansa bai taimaka ba. Mutum ya dawo aiki, ya danna maɓalli ƙofar gareji ta ɗaga, ya shige da motarsa, ta rufe. Ana iya shekara ba a yi sallama da na ƙofar gaba ba. Galibin sababbin unguwanni na da ƙungiyar masu gidaje, mai karɓar kuɗi a kai a kai, mai aiko takarda idan ciyawar ƙofar gida ta yi tsawo ko an canza launin fenti ba izini. Akwai dokar ciyawa, amma ba dokar da za ta sa a leƙa tsohuwar da kwana uku ba a ga ta fito ba. Kuma sau da yawa idan aka kawo shawarar gina gidajen haya masu sauƙi, daga irin waɗannan unguwanni ake fitowa a ce za a ƙara cunkoso, ajujuwa za su cika. Koken cunkoso gaskiya ne. Sai dai mai yin sa shi ma baƙo ne jiya, kuma a kan gonar wani aka gina gidansa.

Mutanen Loudoun ba sai sun je nesa neman abin koyi ba. Zamanin wariyar launin fata, iyalan baƙaƙe na gundumar sun tara dala 4,000 daga ɗan abin da suke samu, suka sayi fili a garin Leesburg, suka miƙa wa hukuma a kan dala 1 don a gina wa 'ya'yansu sakandare. Makarantar Douglass ke nan, wadda ta buɗe a 1941. Sai 1968 aka haɗe makarantun baƙaƙe da na farare a gundumar, sai 2020 hukumomi suka nemi gafara kan wannan wariya. Talakawa da aka ware ne suka yi wannan aiki, ba su da ko kaso ɗaya cikin ɗari na dukiyar yau. Har yanzu ana ganin irin halinsu a cibiyar Musulmi ta ADAMS da ke Sterling, wadda Imam Mohamed Magid ɗan asalin Sudan ke jagoranta, da majami'u, da Loudoun Hunger Relief mai raba abinci a Leesburg. Cewa ana layin karɓar abinci a gunduma irin wannan ya isa ya hana shugabanninta barci.

Sadaka ba za ta gina gidaje dubbai ba; wannan aikin hukuma ne. Gundumar na da shirin da ke sa manyan magina su ware wasu gidaje a farashi mai rahusa, amma buƙata ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Ya kamata a yanki rabo sananne daga harajin rumbunan bayanai kowace shekara a zuba a gidajen ma'aikata, a kuma ba da izinin benaye na haya kusa da tashoshin jirgin ƙasa, inda mutum zai iya zuwa aiki ba mota. Idan ranar sauraron ra'ayin jama'a ta zo a Leesburg, iyayen da ke yabon makarantun gundumar su ne ya kamata su fara tashi su goyi bayan wannan gini.