Darasin Garmar Tantan Ga Masu Ƙera Katin Hoto

Bara da kaka, bayan mun sayar da masara a Funtua, na cire rabona na tafi Kano na sayo katin hoto na hannu da allon kwamfuta, shi ma na hannu. Niyyata in haɗa injin da zan yi aikin kammala difloma da shi, in kuma taɓa gem idan kai ya ɗau zafi. Da na haɗa, komai ya tashi, amma da zarar hoto ya fara gudu sai in ga ya yage gida biyu, sama daban ƙasa daban. Laifina ne, ban bincika ba. A jikin kwalin allon an rubuta cewa yana da fasahar da ke hana wannan yagewar, shi kuwa katin tsoho ne, bai san da zamanta ba.

Ga abin da ke faruwa, don waɗanda ba 'yan sashenmu ba. Allo na gama-gari yana sabunta hotonsa sau 60 a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. Shi kuwa kati yana fitar da hoto gwargwadon nauyin aiki, yanzu 58, an jima 41. Idan sabon hoto ya iso allo na tsakiyar zana tsohon, sai a ga rabi da rabi. Tsohon magani shi ne V-Sync, wato a tilasta wa kati ya jira allo, amma shi ma yana kawo jinkiri da tsalle-tsallen hoto. Sabon magani ya juya lamarin: allo ne zai jira kati, ya sabunta daidai lokacin da hoto ya kammala.

Rigimar a kan wanda zai riƙe mabuɗin wannan magani take. A Oktoban 2013 kamfanin Nvidia ya fito da G-Sync, wanda a wancan lokacin sai an dasa wata na'ura ta kamfanin a cikin allo, kuma katinsa kaɗai ke iya amfani da ita. Wannan ya sa irin waɗannan alluna suka yi tsada. A Janairun 2014 AMD ya nuna nasa mai suna FreeSync, sannan a watan Mayun shekarar ƙungiyar VESA ta saka Adaptive-Sync cikin ƙa'idar DisplayPort 1.2a, ba tare da kuɗin lasisi a kansa ba. Nvidia ya yi kusan shekara biyar yana kallon wannan ƙa'ida bai taɓa ta ba. Sai a Janairun 2019 ya sauko, ya buɗe wa katunansa daga jerin GTX 10 zuwa sama. Intel ma ya shigo a shekarar, PlayStation 5 kuma ta samu irin wannan fasaha ta HDMI 2.1 a Afrilun 2022.

To, za su rungumi buɗaɗɗiyar ƙa'ida ko ba za su runguma ba? Ra'ayina shi ne za su runguma, sun ma riga sun fara, amma kada mu ɗauka tausayinmu suka ji. Kasuwa ce ta matsa. Alluna masu arha masu Adaptive-Sync sun cika ko'ina, mai saye ya fara tambayar dalilin da zai sa ya ƙara kuɗi don abin da maƙwabcinsa ya samu kyauta.

Mu 'yan yankin Funtua da Malumfashi bai kamata wannan ya zama mana sabon labari ba. Ka duba bayan kowace tantan da ke huɗa a gonakinmu, za ka ga hannuwa uku da ake maƙala garma ko haro. Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro wannan tsari, ya kuma yi masa rajistar mallaka tun 1926. Da wa'adin mallakar ya ƙare, sauran kamfanoni suka ɗauka, ya zama ƙa'idar duniya. Shi ya sa yau manomi zai ari garmar maƙwabcinsa ya ɗaura wa tantan ta wani kamfani, maƙerin bakin hanya kuma ya gyara masa ita idan ta karye. Ka ƙaddara a ce kowane kamfani da nasa maɗauri. Wallahi da rabin garmunan da ke Bakori da Ɗandume sun zama ƙarfen awo.

Haka lamarin kwamfuta yake a wurinmu, har ma ya fi. Bature yana iya sayen kati da allo rana ɗaya, sababbi fil, daga shago ɗaya. Mu kuwa tsinto muke yi. Kati bana, allo baɗi, kuma duk sai sun gama yayinsu a Turai kafin su iso mana. Wanda ke haɗa kaya ɗaiɗai shi ya fi kowa buƙatar su fahimci juna. Sannan mai raunin kati shi ya fi cin moriyar wannan fasaha, domin amfaninta yana fitowa ne lokacin da kati ya gaza kai hoto 60, kuma irin katunan da aljihunmu ke iya saye ke nan.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, cewa rufaffen tsari ya fi inganci. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da Nvidia ya buɗe ƙofa a 2019, ya ce ya gwada alluna 400, guda 12 kacal suka cika sharuɗɗansa. Alluna masu arha da yawa suna aiki ne tsakanin 48 zuwa 75 kawai, wasu kuma suna ƙyafta haske. Amma maganin mugun mudu shi ne a kafa mai duba awo, kowa ya ci gaba da awo da mudu ɗaya. Abin da VESA ta yi ke nan a Mayun 2022, da ta fara gwada alluna tana ba su shaidar inganci.

Na biyu, wani zai ce, "Malam, wutar ma ba mu da ita, kana mana zancen gem?" Na yarda wuta ta fi muhimmanci. Sai dai tambayar wa ke riƙe da ƙa'ida ta wuce gem. Ita ce dai tambayar cajar waya, wadda sai da Tarayyar Turai ta kafa doka a kan USB-C kafin muka huta da yawo muna neman "mai siririn baki". Kuma rigimar ba ta ƙare ba. A Fabrairun 2024 ƙungiyar da ke kula da HDMI ta ƙi amince wa AMD ya saki buɗaɗɗiyar manhajar HDMI 2.1 don Linux, tsarin da yawancinmu muke koyon aiki da shi saboda kyauta ne.

Saboda haka, 'yan uwana ɗalibai, idan za ku sayi allo ku juya bayansa ku nemi ramin DisplayPort, ku tambayi iyakar sabuntawarsa, ku sa a gwada muku shi da katinku kafin ku ƙirga kuɗi. Ƙungiyar ɗalibai kuma, duk lokacin da aka zo batun sayo wa ɗakunan gwaji kwamfutoci, ta nemi a rubuta buɗaɗɗiyar ƙa'ida cikin sharuɗɗan kwangila, don kayan su amfani ƙannenmu bayan mun tafi. Ni dai allona na nan, ina jiran kaka ta zagayo in canza kati, kuma wannan karon da allon a hammata zan shiga kasuwa.