Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Wa'adin Gwajin Manhajar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa sayen tsire ko kilishi ya san al'adar ɗanɗano. Mai nama yakan yanko 'yar tsoka ya miƙa wa mai saye. In ya ji ta yi masa sai a shiga ciniki, in kuwa ba ta yi ba, kowa ya kama gabansa ba tare da ɓacin rai ba. To, masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da nasu ɗanɗanon. Manhajar da ake nufi a nan dabam take da tsarin darussan da malamai suka saba kira da wannan suna. Ana nufin jerin umurnin da akan rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta yi wani aiki, kamar buga wasiƙa, ko lissafa sakamakon jarrabawa, ko zana taswira. Sau da yawa mai manhaja yakan bar mutum ya yi aiki da ita kyauta na wasu kwanaki, in wa'adi ya cika sai ta kulle har sai an biya.

Wannan batu ya iso ƙofar ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya, kuma da yawa daga cikin manhajojin da ɗalibai ke koyon amsa tambayoyi da su sukan buɗe 'yan tambayoyi kaɗan ne, sa'an nan su nemi a sayi lambar buɗewa. Ra'ayina shi ne, sanya iyaka haƙƙin mai manhaja ne, amma ma'aunin da ya dace da mu shi ne aikin da aka samu yi da ita, ba kwanakin kalanda ba.

Asalin al'adar

A 1982 wasu Amurkawa biyu, Andrew Fluegelman mai manhajar PC-Talk da Jim Knopf mai PC-File, suka fara barin jama'a su kwafi manhajojinsu a faifai su raba wa juna, tare da roƙon duk wanda ya amfana ya aiko da kuɗi. A 1983 Bob Wallace ya bi sahunsu da PC-Write. A lokacin amana ce kaɗai makulli. Da kasuwa ta faɗaɗa sai aka shiga ƙirƙiro iyakoki iri-iri.

Akwai iyaka ta lokaci, kamar kwana 7 ko 14 ko 30. Akwai ta aiki, inda manhaja za ta yi komai amma ta ƙi ajiye abin da aka rubuta, ko ta buga tambarinta a kan kowace takarda. Akwai ta yawa, alal misali Zoom, wadda ke yanke taron wanda bai biya ba bayan minti 40. Akwai ta yanki, kamar wasan Doom na 1993, wanda aka raba kashinsa na farko kyauta aka sayar da sauran. Sai kuma ta tuni, wadda WinRAR ta shahara da ita: wa'adinta kwana 40 ne, amma bayan ya wuce tana ci gaba da aiki, sai dai ba ta gajiya da tunatar da mutum cewa akwai bashi a kansa.

Yadda manhaja ke ƙirga kwanaki

Ranar da aka ɗora manhaja a kwamfuta takan rubuta kwanan wata a wani ɓoyayyen lungu na ma'ajiyar na'urar. Duk lokacin da aka buɗe ta sai ta gwama wannan rana da agogon kwamfutar, ta ɗebe wannan daga wancan. Na zamani sukan tambayi babbar kwamfutar kamfaninsu ta intanet, su ɗaure wa'adin da adireshin imel na mai amfani ko da lambobin sassan na'urarsa.

A nan akwai wata matsala da ta shafi makarantunmu. Agogon kwamfuta yana tafiya ne da wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke cikin cikinta. Kwamfutocin hannu, waɗanda su ne suka fi yawa a wajenmu, sau da yawa batirin nan nasu ya mutu, saboda haka da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Wata manhajar in ta ga haka sai ta ɗauka maguɗi aka yi mata, ta kulle nan take, alhali ba wanda ya taɓa ta.

Kwana talatin na wa?

Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauka akwai ma'aikacin ofis a babban birni mai aikin awa 8 a rana, kwana 22 a wata. Wa'adin kwana 30 ya ba shi awa 176 ke nan. A ɗauka kuma akwai aji a wata sakandare ta Rabah mai darasin kwamfuta sau biyu a mako, kowane darasi minti 40. A cikin waɗannan kwanaki zai samu darasi 8, watau minti 320, ko awa 5 da minti 20. Na farko ya ninka na biyu sau 33. Wannan ma in an samu wuta ko man janareta a kowane darasi ke nan, kuma ba a tashi hutu a tsakani ba. A takarda wa'adinsu ɗaya, amma ɗaya ya ci ya ƙoshi, ɗaya ko ƙanshi bai gama shaƙa ba.

Manoman rani da ke shan ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan kogin Rima a 1984, da takwarorinsu na fadamar Wurno, sun san yadda ake gwaji na gaskiya. In aka kawo wa manomi sabon irin shinkafa ba ya cika gonarsa da shi. Yakan ware fangali ɗaya ko biyu ya shuka, sa'an nan ya jira har girbi, domin iri kamar FARO 44 yakan ɗauki kusan wata huɗu kafin ya nuna. Ya taƙaita fili, amma bai taƙaita lokaci ba, don ba a sanin kirkin iri a kwana 30. Haka manhajar lissafin sakamako take. Girbinta shi ne ƙarshen zango, lokacin da za a haɗa makin gwaje-gwaje da na jarrabawa a fitar da matsayin kowane ɗalibi. Zangon karatu kuwa wajen wata uku ne. Wa'adin da ya fara a makon farko ya ƙare tun ba a zo wurin da ake bukatar ganin ƙwazonta ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan a babin cinikin zaɓi, watau cinikin da aka yi sharaɗin mai saye ya duba kaya na wani lokaci kafin ya zartar. Imam Abu Hanifa da Imam Shafi'i sun tsayar da wa'adin a kwana 3. Mazhabar Malikiyya kuwa, wadda ake karantawa a zaurukan Wurno tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a garin a 1837, ta bar wa'adin ya bi yanayin kaya: gida kamar wata guda, dabba kamar kwana 3. Hikimar a fili take. Gwargwadon lokacin da ake bukata a gane aibin abu ko kyansa, gwargwadon wa'adinsa.

Abin da ya kamata masu manhaja su yi

Manyan kamfanonin ƙetare ba lalle ne su ji kukan Goronyo ba. Amma matasanmu da ke fitowa daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantu, waɗanda ke rubuta manhajojin sakamako da na koyon jarrabawa da na lissafin shaguna, su suna kusa, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan shafi gobe su ne. Gare su nake miƙa shawarwari huɗu.

Na farko, a ƙirga ranakun da aka buɗe manhaja ko awoyin da ta yi aiki, a bar ranakun da kwamfuta ke kashe. Na biyu, in aikin mai zagaye ne kamar zangon karatu, a yi irin ta manomi: a taƙaita yawa, a ce aji ɗaya ko ɗalibai 50, amma a bari a kai ƙarshen zango. Na uku, a buɗe ƙofar ƙarin wa'adi a fili, da ƙa'idar da kowa ya sani, kamar ƙari sau ɗaya bisa takardar shugaban makaranta. Wannan ba baƙon abu ba ne. Windows 7, wadda ta fito a 2009, takan ba da kwana 30 kafin a shigar da lamba, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya tanadi umurnin sabunta wa'adin har sau 3, jimla kwana 120. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, kada a yi garkuwa da aikin mutane. In wa'adi ya cika manhaja tana iya ƙin karɓar sabon aiki, amma dole ta bar malami ya buɗe makin da ya riga ya shigar, ya buga shi, ya kwashe shi. Manhajar ta mai ita ce, makin kuwa na ɗalibai ne.

Mai manhaja zai ce, in na tsawaita wa'adi wa zai saya? Wani zai yi amfani da ita zango guda, ya goge, ya sake ɗorawa. Wannan magana ce mai nauyi, domin wanda ya share watanni yana rubutu ya cancanci ladan guminsa, kuma in ba a biya ba sana'ar mutuwa za ta yi. Sai dai iyakar yawa ta riga ta amsa masa. Makarantar da ke da aji 12 ba za ta rayu a kan manhajar aji ɗaya ba, in ta ga amfaninta za ta biya. Wanda aka kulle wa tun bai fahimci komai ba kuwa, ba saye zai yi ba, wajen masu fasa makulli zai nufa.

Akwai kuma irin gwajin da ke neman lambar katin banki tun ranar farko, in wa'adi ya cika sai a fara cire kuɗi shiru. A watan Satumba na 2025 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don sasanta ƙarar da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta shigar, bisa zargin shigar da mutane tsarin biyan kuɗi na Prime ba da cikakken saninsu ba, da kuma wahalar da su wajen fita. Matasanmu kada su koyi wannan. Ɗanɗano na gaskiya ba ya zura hannu a aljihun mai ɗanɗanawa.

Ɓarauniyar hanya

Nauyin bai tsaya kan masu manhaja kaɗai ba. An san dabarun da ke yawo tsakanin ɗalibai: mayar da agogo baya, buɗe sabon imel kowane wata, ko ɗauko fasasshiyar manhaja a filas. Dukansu suna da illa. Agogon da aka karkatar yakan hana shafukan intanet masu tsaro buɗewa, ya kuma rikita kwanan watan fayiloli. Fasasshiyar manhaja kuwa tana daga cikin sanannun hanyoyin shigowar ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar lambobin sirri ko kulle fayiloli, domin wanda ya fasa ta ba don Allah ya yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Bugu da ƙari, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta kare littafi, ta kuma hana karya makullin da mai ita ya sa. Sama da duk wannan akwai tarbiyya. Wanda ya danna alamar yarda da sharuɗɗa ya ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Malamin da ya koya wa ɗalibi mayar da agogo baya ya koya masa abin da ya wuce kwamfuta.

Shawara ga makarantu

Kada a ɗora manhajar gwaji sai an shirya. A zaɓi lokacin da aikin ya taso, a tanadi wuta, a sauya ɗan batirin agogo in ya mutu, a rubuta abubuwan da ake son dubawa, a kuma liƙa ranar cikar wa'adi a bango. A tambayi farashi tun farko, don ba hikima ba ce a saba da abin da asusun makaranta ba zai iya ɗauka ba. In lokaci bai isa ba a rubuta wa mai manhaja a nemi ƙari tare da bayyana dalili. Kada kuma a zuba aikin da ba shi da kwafi a wani wuri, domin zanen aro ba ya rufe katara.

In kuɗi sun gagara, akwai manhajojin da ba su da wa'adi ko kaɗan, waɗanda masu su suka halatta wa kowa ya kwafa ya raba. LibreOffice tana buga takardu da lissafin jadawali. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001, kyauta ce ga ɗalibi da malamin lissafi. QGIS tana zana taswira, ko ta fadamar Rima ce. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana da nau'o'i marasa nauyi da ke tafiyar da tsofaffin kwamfutoci. Ɗalibin da ya ƙware a waɗannan ba zai sha wuyar koyon na sayarwa ba in ya tarar da su a wurin aiki.

Saboda haka mai manhaja ya ba da wa'adin da zai isa a gane kayansa, mai gwaji kuma in wa'adi ya cika ya biya, ko ya nemi ƙari ta ƙofa, ko ya koma ga na kyauta.