Shirun kwamfuta da zafin bazara

Mun saba da ƙarar janareto har wasunmu sun ɗauka duk na'urar da ba ta ihu ba ta aiki. Shi ya sa ɗalibi mai haɗa kundin digiri da tsakar dare, ko mai tace fim a Kano, zai zauna kwamfutarsa ta tebur tana kuka kamar injin markaɗe, bai taɓa tambayar dalili ba. Dalilin kuwa shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tana ɗaukar zafi idan aiki ya yi nauyi, 'yar fankar da ta zo da ita kuma ba ta san wata dabara ba sai gudu.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne babban ƙarfen tsotse zafi. Ɗauki NH-D15, wanda kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ya fitar a 2014: hasumiya biyu ta siraran farantan alminiyam, bututun jan ƙarfe shida, da fankoki biyu masu faɗin milimita 140. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka zuƙe wa iska. Zafin furosesa na taɓa shi sai ya zama tururi, ya haura cikin farantan ya huce, ya koma ruwa ya gangaro. Da yake farantan na da yalwa, babbar fanka tana juyawa a hankali ta wadatar, kunne ya huta.

Kafin mai karatu ya zare kuɗinsa, ya fara ɗaukar ma'auni. Tsayin wannan ƙarfe milimita 165 ne, kuma ba kowane akwati ke rufuwa a kansa ba. Wajen ɗaurawa, man da ake ɗigawa tsakanin furosesa da ƙarfen kada ya wuce girman ƙwayar wake. Aikinsa cike ramukan da ido ba ya gani, ba miya ba ce. A ɗaure notunan bi da bi, kaɗan nan kaɗan can. Nauyinsa ya haura kilo ɗaya, saboda haka duk mai shirin ɗora akwatin a bayan ɗan acaɓa, ya kwantar da shi tukuna.

Gwaji ne inda nake so mu yi hattara. Alkaluman da masu sharhin Turai da Amurka ke wallafawa galibi a ɗakuna masu sanyi aka auna su, alhali fanka, komai girmanta, ba ta iya sanyaya ƙarfe ya gaza zafin iskar ɗakin da take ciki. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakani. A misali, idan an ce furosesa ta tsaya a digiri 70 a ɗaki mai 22, tazarar 48 ce. Kawo ta shagon da ya kai 40 a watan Afrilu, sai ka tsammaci wajen 88. Yawancin furosesoshin Intel kuwa kan rage gudu da kansu a digiri 100, sabbin Ryzen a 95. Ka ga ashe ratar da Bature ke ɗauka almubazzaranci, a wurinmu guzuri ce.

Don haka ni da rana tsaka nake gwaji, ba da asuba ba. Nakan rufe akwatin ruf, in kunna Cinebench ya wahalar da na'urar na rabin sa'a, ina kallon zafin a HWMonitor, ina kuma saurare daga kujerar da nake aiki. Idan zafin ya yi tsalle cikin daƙiƙu ya cije a ƙololuwa, ƙarfen bai zauna daidai ba, sai a kwance a sake.

Saura ƙurar hunturu, wadda ke toshe tsakanin farantan har fankar ta koma ihun da aka guda. Idan hazo ya ɗauke, a buɗe akwatin, a danne fankar da yatsa kada ta juya, a hure farantan tas kafin bazara ta kankama.