Injin da aka yi wa ƙazafi

A shekarun da na yi a Ingila ina karatun digiri na uku, maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin siginar jirgin ƙasa. Shi ya ja ni zuwa ƙungiyarsu ta masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa. Da farko na ɗauka wasan yara ne ya bi tsofaffi har furfura. Sai na tarar da tebur mai tsawon ɗaki, da tasha da gada da tsaunuka, komai an ƙanƙanta shi sau 76, layin dogon kuma faɗinsa milimita 16.5, ma'aunin da suke kira OO. Sana'a ce sosai a can: kamfanin Peco da ke ƙauyen Beer a gundumar Devon ya daɗe yana ƙera irin waɗannan layuka, Hornby kuma sananne ne wajen jiragen.

Duk inda layi ya rabu biyu akwai harsunan ƙarfe da ake turawa dama ko hagu domin jirgi ya bi hanyar da ake so. Ƙarƙashin tebur akwai ɗan injin da ke wannan turin. Koyil biyu ne da sandar ƙarfe a tsakiya. Wanda aka ba wuta sai ya zama maganaɗisu ya fizgi sandar, ka ji ƙas! Wayoyi uku ke shiga cikinsa: ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ta uku kuma ta komawar wuta, wadda galibi injuna da yawa ke tarayya a kanta. Akan ba shi wuta mai ƙarfin bolt 16, amma na ƙiftawar ido kawai. In aka danne makunni aka ƙi saki, koyil ya yi zafi ya ƙone.

Ana saura mako guda a buɗe wa jama'a baje koli, mararrabar da ke can ƙarshen tebur ta ƙi juyawa. Injuna biyu ne a wurin, makunni ɗaya ke motsa su tare. In an danna sai su yi gurnani, harsunan su ɗan girgiza, su tsaya a tsakiya, jirgi ya zo ya sauka daga layi. Nan take aka yanke hukunci cewa injin ya mutu. Aka sa sabo, bai canza zani ba. Aka sake sa wani, shi kuma wani mai zafin rai ya danne makunni har muka ji ƙauri. Ni ma, da taƙamar ilimin boko, na ɗauko mita na auna bakin wayar, na ga bolt 16 cif, na shaida wa kowa cewa wayarin ba shi da laifi.

Dattijon bai yi gardama da ni ba. Ya ɗauko guntuwar waya mai kauri, ya kawo taransifoma kusa, ya taɓa wa tsohon injin da aka jefar. Ƙas! Lafiyarsa ƙalau. Sannan ya ce in sake aunawa, amma a daidai lokacin da ake danna makunni. Allurar mitar ta rufto ƙasa.

A nan kuskurena yake, kuma shi nake gani kowace shekara wurin ɗalibaina. Mita ba ta jan wutar a zo a gani, don haka ko da zare ɗaya na tagulla ya rage a waya, za ta nuna cikakken bolt. Injin kuwa yana zuƙar amfiya da dama a lokaci guda. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta isa ta bayyana sauran. Siririyar wayar da aka yi aikin da ita, mai zare 7 kowanne milimita 0.2, in ta yi mita 10 zuwa da dawowa, turjiyarta ta kusa ohm 0.8. Amfiya 3 suka ratsa ta, an yi asarar fiye da bolt 2 a hanya. Injuna biyu suka haɗu a kan wayar komawa ɗaya, asarar da ke kanta ta ninka.

Wannan kaɗai bai kai ya durƙusar da allura haka ba, don haka dattijon ya bi hanyar raba biyu. Ya tsallake rabin layin wayar da lafiyayyar waya, aka danna, injin ya motsa. Laifin ke nan yana cikin rabin da aka tsallake. Ya sake raba wannan rabin. A karo na huɗu muka isa wani haɗi inda teburan biyu suka gamu. Dalmar da aka like wayar da ita ta yi dishi-dishi, ta zauna a kai kamar ƙwallo ba ta kama tagullar ba. A ido babu abin zargi. Da ya ja ta da yatsa sai ta zare.

Aka sake likewa, aka maye gurbin wayar komawa da mai zare 16. Suka kuma ƙara wata 'yar na'ura mai kafasita, wadda ke tara wuta ta sake ta gaba ɗaya, sannan ta taƙaita abin da ke biyo baya, ta yadda ko an danne makunni koyil ba zai ƙone ba. Tsohon injin ya koma mazauninsa, ya yi kwana biyu na baje kolin bai yi tuntuɓe ba.

A zangon da ya wuce na haɗa wa 'yan aji uku irin wannan tarkon a ɗakin gwaji: koyil lafiyayye, doguwar siririyar waya, da haɗi guda da na lalata da gangan na rufe da salatif. Yawancinsu sun auna ba tare da danna makunni ba, suka rubuta mini cewa a sayo sabon koyil. Wata ɗaliba ce ta tambaya ko zan yarda abokiyar aikinta ta riƙa dannawa ita tana kallon allura. Cikin minti goma ta ɓare salatif ɗin.