Maganin hawan jini: yadda ƙwayar da ke ceton rai ke iya zama guba a gida

Da wuya a shiga gidan da akwai mai hawan jini a Najeriya a rasa katin amlodipine a kan tebur ko a cikin jaka. Maganin yana cikin rukunin da ke toshe shigar sinadarin kalsiyam cikin tsokar jijiyoyin jini da zuciya, tare da nifedipine da verapamil da diltiazem. Idan jijiyoyi suka saki, jini sai ya sauka.

Yaɗuwarsa tana da dalili. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1.3 ke da hawan jini a duniya. Binciken CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda aka gudanar a ƙasashe shida na Afirka har da Najeriya, ya nuna haɗin magani mai amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata. Ga arha, ga sha sau ɗaya a rana, galibi miligiram 5 ko 10.

Matsalar tana farawa ne idan adadin ya wuce ƙima. Jini kan faɗi ƙasa sosai, bugun zuciya ya yi sanyi, musamman da verapamil da diltiazem, sukarin jini ya tashi, ƙoda ta rasa isasshen jini. Mutum zai ji jiri, kasala, tashin zuciya, daga baya ya suma.

Abin da ya fi ruɗar iyalai shi ne jinkirin alamomin. Amlodipine yana daɗewa a jiki: sai bayan awa 30 zuwa 50 rabinsa ke fita. Nau'ikan da ke narkewa a hankali, masu alamar SR ko XL a jikin kwali, na iya ɗaukar awanni kafin su nuna illa. Yaron da ya haɗiye ƙwayoyin kakarsa zai iya ci gaba da wasa, a ɗauka ba komai, sai cikin dare jiki ya rikice.

Yawanci kuskure ne ke jawo hakan. Wani ya manta shan jiya, sai ya ninka na yau. Wani ya karɓi amlodipine a asibiti, ya sayi Norvasc a kemis, bai san abu ɗaya ba ne. Wani ciwon kai ya kama shi, ya ƙara ƙwaya ba tare da awon jini ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su clarithromycin da erythromycin ma suna ƙara ƙarfin maganin a jiki. Akwai kuma masu sha da gangan saboda matsananciyar damuwa, waɗanda ke buƙatar kulawar likita bayan an ceto su.

A nan dokar sayar da magani ta shigo. Waɗannan magunguna na takardar likita ne, kuma lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba ƙananan masu kemis bai ba su damar sayar da su ba. Amma a unguwanni ana yanka kati a miƙa ba tambaya, ba bayani.

Maganin gubar kuwa ba na gida ba ne. Madara ko manja ko tilasta amai ba sa karya ta. A asibiti ana ba da ƙarin ruwa, kalsiyam ta jijiya, magungunan ɗaga jini, da insulin mai yawa haɗe da gulukos, tare da sa ido kan zuciya. Ƙananan asibitoci da yawa ba su da waɗannan kayan, don haka sa'ar da aka ɓata a gida tana da tsada.

Wannan ba dalilin daina shan magani ba ne, domin hawan jinin da aka yi sakaci da shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. A sha yadda likita ya tsara, a ɓoye shi daga yara, a riƙa karanta sunan sinadarin da ke ƙasan sunan kamfani. Idan aka sha fiye da ƙima, a tafi asibiti nan take da kwalin a hannu, ko da mutum yana cewa lafiyarsa ƙalau.