Hilal da Merrikh a filin aro: abin da ya rage wa 'yan kallon Alsawra

Daga kasuwar Sabrin da ke Alsawra zuwa titin Arda a tsakiyar Omdurman ba wata doguwar tafiya ba ce. A kan wannan titin ne manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu na Sudan suke da gidajensu: filin Hilal ta arewa, na Merrikh ta kudu. Kafin yaƙi, ranar da za su kara da juna, tun la'asar motocin haya suke cika da masu shuɗiyar riga da masu ja. Tun daga 15 ga Afrilun 2023, ranar da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, mai son ganin ƙungiyarsa sai dai ya nemi caji da intanet, ya kalle ta a waya tana buga gasar wata ƙasa.

Alsawra tana cikin ƙaramar hukumar Karari, wadda ta zauna a hannun sojoji tsawon yaƙin. Shi ya sa mutanen da suka gudu daga tsohuwar Omdurman da Umbadda da Khartum suka kwararo can, Hausawa na cikinsu. Ba a ce an tsira ba. A ranar 1 ga Fabrairun 2025 an yi wa kasuwar Sabrin ruwan bama-bamai, mutum fiye da 50 suka mutu. Wanda ya ga wannan zai iya cewa maganar ƙwallo ba ta taso ba. To amma ta taso, a wurin masu shayi da bakin shaguna, kuma ƙorafin da ake yi ya wuce kewar filin wasa. Tambayar ita ce: wannan abin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan take kira gasa, gasa ce kuwa? Kuma zai ɗore?

Bari mu fara da abin da aka yi. Da wasanni suka tsaya, Hilal da Merrikh sun shiga yawo daga wannan sansani zuwa wancan, har Tanzaniya ta yi musu tayin shiga gasarta. A ƙarshe Muritaniya suka nufa, suka buga kakar 2024/2025 a matsayin baƙi. Hilal, a hannun mai horarwa ɗan Kwango Florent Ibenge, ita ta ƙare a saman teburi, amma gurbin Muritaniya a gasar zakarun Afirka ya tafi ga FC Nouadhibou, tunda baƙo ba ya wakiltar mai gida. A Nuwakshot ɗin ne Hilal ta riƙa karɓar baƙinta na gasar Afirka, ta kai zagayen 'yan takwas, Al Ahly ta Masar ta fitar da ita. Kakar da ta biyo baya kuma, 2025/2026, ƙungiyoyin biyu suka tattara suka koma Kigali, suka shiga gasar Ruwanda.

A gida fa? A watan Yulin 2025 hukumar ta shirya wata gajeriyar gasa a Atbara da Damar, a jihar Kogin Nilu, da ƙungiyoyi takwas, aka yi ta aka gama cikin 'yan makonni. Hilal ta ɗauki kofi, Merrikh ta biyo ta. Jama'a sun cika fili, kuma babu mai raina farin cikin mutanen da suka yi fiye da shekara biyu ba su ga Hilal da Merrikh suna wasa a ƙasarsu ba. Sai dai kowa ya san dalilin shirya ta: hukumar CAF tana jiran sunayen ƙungiyoyi huɗu da za su wakilci Sudan, biyu a gasar zakaru, biyu a ta Confederation. Aka samo sunayen, aka aika Alƙahira, kowa ya kama gabansa.

Nan ne bakin zaren fushin magoya baya. Ƙungiya biyu suna buga wasa kusan kowane mako a ƙasar waje, suna da masauki da likita da mai horarwa daga ƙetare, sai su sauko wata guda su kara da ƙungiyoyin da 'yan wasansu suka yi watanni ba albashi, ba atisaye na kirki. Wane sakamako ake jira? Mai goyon bayan Amal Atbara ko Ahli Madani ya san an gayyace shi ne ya cika lissafi. Shi kansa ɗan Hilal da ya ci kofin, in ka zauna da shi, murnarsa ba ta kai ta da ba.

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa yaƙi komai, kuma hukumar da Mutasim Jaafar yake shugabanta tana da wannan uzurin a hannu. A ganina uzurin rabin gaskiya ne. Duba jerin zakarun gasar tun da aka fara ta a shekarun 1960: ban da Hilal da Merrikh, sau uku kacal wata ƙungiya ta ɗauki kofi. Mourada ta Omdurman a 1968, Burri ta Khartum a 1969, sai Hilal ta Port Sudan a 1992. Daga nan shiru, fiye da shekara talatin. Ƙasa mai faɗin Sudan, amma kofinta bai taɓa yin nisa da titi guda ba. Sauran ƙungiyoyin sun daɗe suna rayuwa a kan abu biyu: ranar da ɗaya daga cikin manyan ta zo garinsu fili ya cika, da ranar da manyan suka sayi ɗan wasansu. Da manyan suka bar ƙasa, duka biyun suka tafi tare da su.

Su kansu manyan ba a kan kuɗin tikiti ko na talabijin suke tsaye ba. A kan aljihun mutum ɗaya suke. Masu bin ƙwallon Najeriya za su tuna zamanin Jamal al-Wali a Merrikh, lokacin da ƙungiyar ta ɗauke Stephen Worgu daga Enyimba a 2008 da kuɗin da ya girgiza gasar Najeriya. A shekarun ne Kelechi Osunwa ya buga wa ƙungiyoyin biyu, Yusuf Mohamed ya tsare wa Hilal baya, Endurance Idahor kuma ya faɗi a fili sanye da rigar Merrikh a watan Maris na 2010, rai ya yi halinsa. Lokacin man fetur ne, kafin Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da mafi yawan rijiyoyin. A Hilal, Ashraf al-Kardinal ya sake gina filin da ake wa laƙabi da Shuɗin Lu'ulu'u. Yanzu ɗan kasuwa Hisham al-Subat ne yake ɗauke da nauyin. Idan attajiri ya ji daɗi, ƙungiya ta sayi 'yan wasa. Idan ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya, sai basussuka da ƙararraki a FIFA. Merrikh ta sha wannan a shekarun da suka gabaci yaƙi, da rigimar shugabanci da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Har gudun hijirar ma ba a 2023 ta fara ba. Filin Merrikh, Jan Sansani kamar yadda magoya bayanta suke kiransa, wanda aka buɗe a 1964, ya lalace har CAF ta ƙi amincewa da shi. Tun kafin a harba harsashi ko ɗaya ƙungiyar tana karɓar baƙinta na gasar Afirka a Masar da Libiya. A Yulin 2017 kuma FIFA ta dakatar da Sudan saboda tsoma bakin gwamnati a rikicin shugabancin hukumar, abin da ya sa Hilal da Merrikh suka rasa wasanninsu na ƙarshe na rukuni ba tare da sun taka ƙwallo ba. Yaƙi ya zo ya tarar da gini mai tsaga.

Adalci ne a faɗi abin da hijirar ta ceto. Ba don ita ba, da 'yan wasan ƙasar sun watse gaba ɗaya, kamar yadda da yawa suka tafi Libiya neman abin sakawa a baka. Daga waɗannan ƙungiyoyi biyu ne Kwesi Appiah ɗan Ghana ya gina yawancin tawagar ƙasa. Ta doke Ghana da ci 2 da nema a Benghazi a Oktoban 2024. Nijar ta lallasa ta da ci 4 da nema a Lome a watan Nuwamba, amma duk da haka Sudan ce ta samu tikitin gasar cin kofin Afirka ta Maroko, ta bar Mena da Black Stars a baya. A Agustan 2025 kuma, a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, ta zura wa Najeriya huɗu a Zanzibar ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Abin dariya mai ciwo: ƙasar da ba ta da gasar cikin gida ce ta kai wannan matsayi a gasar da aka ƙirƙira don gwada ƙarfin gasannin cikin gida.

Amma wannan nasarar girbin shukar da aka yi kafin yaƙi ce. Mohamed Abdelrahman, wanda ake kira Gharbal, da takwarorinsa duk sun fito ne daga tsarin da yanzu ya tsaya: filayen unguwa, ƙananan gasannin da ake kira rawabit, rukuni na uku da na biyu da na ɗaya a kowane gari. Yaron da yake da shekara 15 lokacin da yaƙi ya fara, yanzu ya kai shekarun da ya kamata wani ya gan shi ya ɗauke shi. Ina zai buga? Hilal da Merrikh na Fashir suna garin da ya faɗa hannun RSF a Oktoban 2025 bayan doguwar ƙawanya. Hay al-Wadi ta Nyala ba ta da hanyar karɓar baƙi a gida. Kadugli da Ubayyid suna bakin daga. Gasar da ta taɓa haɗa Darfur da Bahar Maliya ta koma abin da za a iya yi a garuruwa biyu ko uku na arewa da gabas.

Lissafin kuɗi ma bai ƙarfafa dawowa ba. A kakar 2024/2025 ƙungiyar da ta kai matakin rukuni a gasar zakarun Afirka tana samun dala 700,000, wadda ta kai 'yan takwas kuma dala 900,000. Babu abin da gasar Sudan za ta iya bayarwa da ya kama ƙafar wannan, musamman da fam ɗin ƙasar ya zube. Don haka ga shugaban Hilal, zama a Kigali, inda akwai filin da CAF ta amince da shi da jirage masu tashi kullum, shawara ce mai ma'ana. Ga hukuma, muddin ƙungiyoyin suna ci gaba kuma tawagar ƙasa tana cin wasa, ba wanda zai matsa mata. Wanda ba shi da kujera a wannan teburin shi ne ɗan kallo, domin kuɗinsa bai taɓa zama abin dogaro ba, balle a ji tsoron rasa shi.

Ga Hausawan Sudan akwai wani abin da ba ya cikin lissafi. Jikokin mahajjata da na waɗanda suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun fi shekara ɗari a ƙasar, amma rikicin Blue Nile na Yulin 2022 ya tuna musu cewa har yanzu akwai masu tambayar asalinsu. A filin Hilal ko na Merrikh tambaya ɗaya ake yi: shuɗi ko ja? Wurare irin wannan ba su da yawa a Sudan ta yau, inda aka koma tambayar mutum ƙabilarsa a shingen bincike. Kallo a waya, kowa a ɗakinsa, ba ya maye gurbin wannan.

Mai karatu a Kano ko Maradi kada ya ɗauka labarin nesa ne. El-Kanemi Warriors ta yi shekaru tana buga wasannin gida a wajen Maiduguri saboda Boko Haram. Kano Pillars, mai kofi huɗu, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kuma ita da Katsina United a kan baitulmalin jiha suke rayuwa. A Nijar, manyan ƙungiyoyi da yawa na soja ne ko jandarma ko kwastan ko wani kamfanin gwamnati, kuma yawancinsu a Yamai suke. A Omdurman attajiri ne, a Kano gwamna, a Yamai ma'aikata. Ɗan kallo dai yana gefe.

Me magoya baya suke nema? In aka tace hayaniyar, ba abubuwa masu yawa ba ne. Jadawali na kaka guda cikakkiya da za a sani tun farko, ko da a raba ƙasar shiyya-shiyya ne don rage tafiya. Hawa da sauka tsakanin rukunai, domin ƙungiyar da ba ta cikin takwas ta san abin da take bugawa a kai. Wani kaso na tallafin da FIFA take bai wa kowace hukuma ya isa ƙananan ƙungiyoyi, a kuma bayyana yadda aka kashe shi. Sai mafi wuya: a sa wa Hilal da Merrikh ranar dawowa. Masu kare hijirar suna cewa tsaro bai samu ba, kuma jirage marasa matuƙa sun kai har Port Sudan da Atbara, wannan gaskiya ne. Amma sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris na 2025, sun ayyana jihar Khartum a matsayin wadda aka kakkaɓe RSF daga cikinta a watan Mayu, mutane suna ta komawa gidajensu, kasuwanni sun buɗe. Mai sayar da kayan miya a Sabrin da ya koma rumfarsa yana da hujjar tambayar me ya sa ƙungiyarsa ba za ta buga ko wasa ɗaya a Omdurman ba.

A Khartum aka kafa CAF a 1957, a nan aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko, a nan Sudan ta ɗauke shi a 1970. Merrikh ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1989 bayan ta doke Bendel United ta Najeriya, Hilal ta kai wasan ƙarshe na gasar zakaru a 1987 da 1992. Dattawan Alsawra da suka ga wasu daga cikin waɗannan da idonsu suna nan. Filayen biyu na titin Arda suna buƙatar gyara kafin CAF ta sake leƙa su, kuma kuɗin gyaran, kamar kullum, daga aljihun da yake biyan otal a Kigali ake sa ran zai fito.