Wa Ya Ba Mu Izinin Zuba Wa Kajin Inna Guba?

A makon da aka gama yankan dawa, wata dattijuwa a unguwarmu a nan Zuru ta fito da hantsi ta tarar da kajinta goma sha ɗaya a mimmiƙe a gindin katangar maƙwabcinta. Muzuru ɗaya yake ɗauka ya gudu. Annobar hunturu kuma takan ba da sanarwa: kaza ta yi sanyi, ta sauke fiffike, ta yi zawo kwana biyu kafin ta tafi. Waɗannan lafiya lau suka fito daga kwana. Dawa aka cuɗa da maganin ɓera aka watsa a bakin rariyar da suke bi su shiga gidan.

Wanda ya yi bai ma ɓoye ba. Matashi ne irinmu, mai digiri, mai sabon gida, mai ɗan lambun tumatir da alayyafo a bayan ɗaki. Da aka tare shi, cewa ya yi, "Na yi wa Inna magana sau uku." Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ba shi kaɗai ba ne. Yadda da yawa daga cikinmu suka gyaɗa kai suka ce ai an kai shi bango, shi ne abin tsoron.

Bari mu faɗi ko mu su wane ne, don kada a ce muna jifa daga bayan danga. Mu ne yaran garin nan da suka tafi jami'a suka dawo da kwamfuta a jaka. Wasunmu manhaja muke rubutawa daga ɗaki, da hasken sola, wa kamfanonin da ba su san inda Kebbi take a taswira ba. Mun san haushin a ce kana tsakiyar bayani ga abokan aiki a Legas, zakaran maƙwabta ya hau katanga ya kwarara cara a bakin tagarka. Mun san takaicin ka share baranda da safe, kafin azahar ta cika da kashin kaji. Ba ƙarya muke yi ba in mun ce abin na damunmu. Ƙaryar tana farawa ne a inda muka mai da damuwarmu doka, muka kuma naɗa kanmu alƙalai da masu zartar da hukunci.

Ko mun tsaya mun tambayi abin da kazar nan take nufi ga mai ita? Dattijuwar da muke magana a kai ba haifaffiyar cikin gari ba ce. Daga wani ƙauye na yankin Sakaba ta zo, cikin dubban mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Sakaba da Danko-Wasagu a 'yan shekarun nan. Wanda ya gudu da dare ba ya kora shanu, ba ya ɗaukar rumbu. Abin da ke shiga kwando a ɗora a ka, shi ne kaza. Kaza ba ta neman jari. Ta yi tono ta ci, ta kwanta kan ƙwai kwana 21, ta fito da 'yan tsaki. Jika ya kwanta zazzaɓi, a kama ɗaya a kai kasuwa. An buƙaci kuɗin littafi, a kama wata. Baƙo ya sauka, a yanka zakara a fita kunya. A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, mu masu manhajar banki a waya mun wuni muna kallon allo yana juyawa, kuɗi sun fita ba su isa ba. Mai kaza kuwa ta ba da kaza ta karɓi tiyar hatsi, ba ta jira sabis ba. Wannan bankin ne aka rufe wa Inna da safiya ɗaya.

Ba kuma za mu yi wa masu kaji kara ba. Akwai masu kiwon da in ka kai ƙorafi sai su ce maka, "To ai kaza ba ta san iyaka ba." Gaskiya ne ba ta sani ba, amma mai ita ya sani. Kaza tana tone irin da aka shuka, tana cin shanyar mutane, tana sa baki a ruwan sha. Wanda ya kwashe wata biyu yana ban ruwa ya dawo ya ga an tone masa fangali, an cuce shi, ko da wadda kajinta suka yi ɓarnar ta haife shi.

Ainihin matsalar tsohuwar ƙa'ida ce da gari ya girme ta. A ƙauye, saki shi ne kiwo. Fili yana da yawa, gona tana nesa, kowane gida yana da nasa kajin, don haka ɓarnar yau a gidanka gobe a gidana ce, an yi canjaras. Yanzu a Rikoto ko Rafin Zuru, gida ya jingina da gida, wani yana kiwo wani ba ya yi. A sana'armu mun saba ganin irin wannan: manhajar da aka rubuta don ƙaramin shago, in aka ɗora mata babban kanti sai ta fara tangarɗa. Ba mu taɓa ganin wanda ya gyara ta ta hanyar fasa kwamfutar da taɓarya ba. Zama ake yi a duba inda tsarin ya gaza.

Abin kunya gare mu masu taƙama da ilimi shi ne, an yi wannan zaman tun kafin a haifi kakanninmu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya raba nauyin: tsaron lambu da rana na mai lambu ne, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuma mai dabba ne zai biya. Malaman Malikiyya ba su tsaya kan raƙuma ba, har kan kaji sun yi saɓani. Ƙurɗubi, a tafsirinsa na ayoyin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a Suratul Anbiya, ya kawo ra'ayin Asbagu cewa kaji da tantabaru da ƙudan zuma kamar sauran dabbobin kiwo suke, ba a hana mutum ajiye su, manoma su tsare amfaninsu. Nan take kuma ya kawo Ibnul Arabi yana raunana wannan ra'ayi, yana ganin ba a barin mutum ya ci riba da abin da ke cutar da wani. 'Yan'uwanmu Kiristoci, waɗanda muke raba katanga da su a kowace unguwa ta garin nan, suna da nasu a Littafin Fitowa sura ta 22: wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, ya biya daga mafi kyawun amfanin gonarsa. A duba duka. Wani ya jingina nauyi ga mai lambu, wani ga mai kiwo, wani ya ce a biya diyya. Babu ko ɗaya da ya ce a watsa guba. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ma laifin ɓarna ya ɗauki kashe dabbar wani da guba.

Guba kuwa ba ta karanta sunan wanda aka aika ta gare shi. Dawar da aka watsa a bakin rariya, akuyar wani za ta iya lasa, yaro mai rarrafe zai iya tsinta. A garin da nama ya yi tsada, wa ya tabbatar ba wanda zai ga kaza tana magagi ya yi maza ya yanka ya jefa a tukunya?

Yanzu ga inda munafuncinmu yake. A layin da aka kashe kajin Inna, gida na huɗu, akwai wani mai hali da ya zagaye bayan gidansa ya zuba kajin gidan gona ɗari biyar. Duk wanda ya bi ta wurin da damina ya san abin da muke nufi. In garin katakon da aka shimfiɗa musu ya jiƙe da kashi, warin amoniya har ido yake sa wa ruwa. Ƙuda ya hana maƙwabta cin abinci a tsakar gida. Ruwan wanke-wanken ɗakin kajin kwata yake bi ya kwanta a ƙofar mutane. Bayan mako shida zuwa takwas a kwashe a sayar, a kawo sababbin 'yan tsaki. Wa ya taɓa ce masa uffan? In mun haɗu da shi, "Barka da aiki, Alhaji, ya kasuwa?" muke cewa. Shi sunan nasa sana'a, har mukan kira shi mai samar da aikin yi. Na Inna kuma sunansa ƙauyanci. Ƙarfinmu a kan mai kaji goma sha ɗaya ya ƙare, saboda ita ba ta da ɗa a ofis.

In ma lafiyar jama'a ce hujjarmu, mu tuna tarihi. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, farkon tabbatar da ita a nahiyar Afirka a wata babbar gonar kaji ce a Jaji ta jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006. Aka yi ta kashe kaji ana binnewa, gwamnatin tarayya ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza, a farkon 2007 kuma cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Kajin saki ma suna ɗauka suna yaɗawa, ba mu musa ba. Amma wanda ya cusa ɗaruruwan tsuntsaye a ɗaki ɗaya, taku biyar daga inda yara ke kwana, shi ya fi cancantar a fara buga wa ƙofa.

A da akwai dubagari, wanda mata kan ji labarin zuwansa su hau shara. Tsarin mulkin 1999 ma a Jadawali na Huɗu ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da shara da ƙazanta. Abin da muke buƙata bai kai girman dokar majalisa ba: a ja layi tsakanin kiwon gida da gonar kaji. Ƙasa da wani adadi, ki yi kiwonki Inna, amma da akurki, a kulle da dare, a kuma tsare su lokacin shuka da lokacin shanya. Sama da adadin, Alhaji ya nemi fili a bayan gari. Mai lambu shi ma ya toshe rariyarsa da ragar waya, wadda kuɗinta bai kai na datar da muke ƙonawa a mako ba. In duk da haka an yi ɓarna, mai unguwa yana nan, limami yana nan, fasto yana nan, a ƙiyasta a biya. Garin da ke da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020, a ƙasar da cibiyar Vom ke sarrafa rigakafin cutar Newcastle mai kashe kajin gida duk hunturu, bai kamata a ce maganin ɓera ne fasaharsa ta ƙarshe a kan kaji ba.

Maganar Inna dai ta je gaban mai unguwa. Matashin ya so ya fara da lissafin tumatirinsa, mai unguwa ya ce a ajiye wannan tukuna, a fara ƙirga gawa. Aka yanke zai biya kuɗin kaji, a cire kuɗin fangali biyu da suka tone. Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, uku daga ciki suna kan ƙwai, su wa zai biya?" Ba wanda ya amsa mata. Mu 'yan layin muka haɗa kuɗin katako da raga aka buga mata akurki, abin da da mun yi shi wata uku baya, da ba a kai nan ba. Ta sayi kaji biyu da zakara. Har yau in matashin ya gaishe ta, kai kawai take ɗagawa. Ranar Talatar da ta wuce kuma mota ta tsaya a gida na huɗu, aka sauke kwalayen sababbin 'yan tsaki.